Ƙofar Dabo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni Jaji masassaƙi, na Birnin Gwari, na sa aka rubuta wannan ina cikin hankalina, a watan Rajab na shekara ta 1376. Ƙafa ta ƙi, numfashi ya gajarta, amma zuciyata sakayau take. Salmanu, Mu'azu da Azumi, 'ya'yana, ku riƙe abin da zan faɗa.

Na ɗaya. Ƙofar maɗacin nan mai zanen kada, wadda duk garin nan ke kira ƙofar Jaji, ba aikina ba ce. Ƙanena Dabo, baffanku na Tabanni, shi ya sassaƙa ta, shekarar da kurkunu ya kwantar da ni. Kun san al'adarmu, duk aikin da ya fita daga gida sunan babba yake ɗauka. Hakimi ya yaba, ya yafa mini riga, na karɓa na yi gum. Dabo ya ajiye gizago ya koma noma. Shekara ashirin da shida ko gaisuwar Salla ba ta haɗa mu.

Bana Turawa suka tattara aikina na shekara arba'in, kujeru, akusa, allunan da na zana da makuba da farar ƙasa, suka jera a ɗakin nuni a Zariya, har da ƙofar. Ban taɓa ganin su wuri ɗaya ba sai ran nan. Duk sarana ya kwanta dama, na ƙofar kaɗai ya kwanta hagu, don Dabo bahago ne. Bature da tabaransa bai gani ba, sai yabon ƙofar yake, wai nan gwanintata ta ƙure. Na sa tafinta ya gaya masa gaskiya a gaban jama'a, aka cire takardar sunana aka rubuta na Dabo. Wallahi tun ranar nake barci kamar jinjiri.

Na biyu. Rigar tana cikin adaka. Salmanu, kai ne babba, ka kai wa Dabo da hannunka, ka durƙusa. Na aika masa neman gafara, ya aiko mini da zuma. Na san halinsa, ya yafe ke nan.

Na uku. Gida da gonar Saminaka, alƙali ya raba yadda shari'a ta ce. Gizagai da kurfin rarake turmi na riga na ba Mu'azu. Duwatsun niƙan launi na ba Azumi, don ta fi ku ido, ko kun ƙi ko kun so.

Na huɗu. In kun shiga daji, kada ku sare maɗacin da mutum biyu za su iya rungumarsa. Kuma duk wanda ya yi aiki a gidan nan, babba ko ƙarami, a faɗi sunansa a gaban mai saye. Waccan al'ada tamu ta sa sunan babba, a binne ta tare da ni.

Na biyar. Itacen da za a jera a kabarina, ku roƙi Dabo ya saro. Na kwana shekara ashirin da shida a kan aikinsa, ina so in kwanta a ƙarƙashinsa da yardarsa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku da 'ya'yan Dabo. Gida ɗaya ne, kada ku bari ya sake rabuwa. Amin.