Wayar Dekodar Ta Uku

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Ɗan Azumi mai parabol, na Garin Malam a Damagaram. Ina rubuta wannan da hankalina garau, ko da yake ƙafafuna sun kumbura, likita kuma ya daina kallona ido cikin ido. Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Kyari, Tahiru, da ƙanwarku Delu da ke aure a Dogo.

Na ɗaya. Gida da gonar hanyar Mirriya, malamai su raba yadda Allah Ya tsara, ba ni da ta cewa. Gonar ma bana ƙasa ce zalla, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba.

Na biyu. Farantin parabol da ke kan soro ba ya rabuwa, kada kuma a sayar. Gida arba'in da shida waya ta shiga daga ɗakinmu. Kyari ya riƙe hawa soro da jan waya, Tahiru ya riƙe ɗakin dekodar, tunda shi ya yi lakwal, wato boko. A jikin sandar farantin akwai zanen da na yi da ƙusa, nan ne saitinsa. In ya goce ko da faɗin yatsa, duk unguwa sai tsaki-tsaki a tele, ku kuma ku sha zagi.

Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da wannan abu, amma wallahi ban gane kansa ba. Tahiru ya yi mini bayani ya fi sau goma. Wai masu tasha su harba hoto sama, wani tauraron ƙarfe da ke tsaye wuri ɗaya ya cafe ya watso, farantinmu ya tara, kowace dekodar ta tsamo tasharta, sannan mu haɗa su a waya ɗaya mu raba wa gidaje. To, shi tauraron me ya riƙe shi? Oho. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ranar da hadari ya haɗu sosai hoto ɗaukewa yake yi. A shekarun fari ne tele ta fi fitowa tas. Sama ta hana mu ruwa, ba ta taɓa hana mu hoto ba. Na kwana biyu ina tunanin wannan, ban samu bakin zaren ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin takardar. Kun san dekodar ta uku, wadda wayarta ke rataye shekara biyar, na ce muku ta lalace. Ƙarya na yi, lafiyarta lau.

Shekarar da fara ta biyo bayan fari, wata ranar Talata bayan la'asar, ina zaune a ɗakin, sai tashar Turawan nan ta nuna layin mata ana rabon garin kunun yara. Na gane kukar bakin kasuwar Dogo. Sai ga Delu, goye da ɗanta, ɗaure da zanen da marigayiya uwarku ta ba ta, wuyanta ya zama kamar kara. Aka miƙa mata abin magana. Ta buɗe baki ke nan, na kai hannu na zare wayar dekodar ta uku.

Me ya sa? Na ce wa kaina asirinta na rufa, kada gida arba'in da shida su gani. Kaico! Sauran unguwanni sun gani, Turai ta gani. Mako biyu kafin nan Delu ta zo gida, na tambaye ta, ta ce lafiya lau, don 'ya mai mutunci ba ta tona asirin gidan miji. Ni kuma na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Dogo tafiyar awa ɗaya ce a mota, amma sai da yunwar 'yata ta je Turai, ta hau sama, ta sauko kan sorona, sannan na sani.

Washegari na aika mata buhu biyu na gero. Ta karɓa saboda yara, ta maido buhunan a wanke, a ninke, ba gaisuwa. An riga an kai mata cewa ubanta ya ga fuskarta ya kashe tasha don kada a ce 'yarsa ce. Tun daga nan ba ta taka gidan nan ba. Kyari da Tahiru, kowannenku yana zargin ɗan'uwansa da kai wannan magana, har kun daina cin tuwo kwano ɗaya. Ku bari haka nan. Ko wa ya kai, in na binciki zuciyata, ba zan iya rantsuwa cewa ƙarya ya yi ba. Rufa asiri ne ko gudun kunya, ni kaina har yau ban raba ba.

Na huɗu. Ku biyu ku shiga mota ɗaya ku je Dogo da ƙafarku, ban da aike. Bana ma fari ne. Kada ku tambaye ta ko lafiya, za ta ce lafiya. Ku leƙa rumbu. Ku gaida mijinta Musa da girmamawa, ba shi ya hana ruwa ba. Sannan Tahiru ya karanta mata abin da ke ƙasa.

Delu, uwata, ban ji abin da kika faɗa ba rannan. Rabin Damagaram sun ji, ba wanda ya gaya mini, ni kuma na kasa tambaya. Kullum ina ganin bakinki a buɗe, ba sauti. Ki yafe mini. In kin same ni da rai, ki zo ki faɗa, zan saurara har ƙarshe. In kin tarar an kai ni, ki faɗa wa yayyenki a cikin ɗakin dekodar, kuma ke za ki mayar da wayar da hannunki.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku damina mai kyau, Ya raba ku da ganin juna a tele kafin ku ga juna a gida. Ku riƙe zumunci, ku riƙe ƙanwarku. Ku yi sauri, kumburin ƙafar ya fara kai gwiwa.