Tsohon Wani Yana Ɗakina, Tawa Tsohuwar Tana Ina?

Zuwa ga Shugaban Makarantar Koyar da Zane ta Hanyar Wasiƙa,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da malamanka da ma'aikatan ofishinka, ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni ɗalibinku ne, sunana Lawali Mazanya, malamin firamare a Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar. Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba, ambulan da kan sarki ne suka haɗa mu. Na yi ta rubuto wa ofishinku a asirce har na gaji. Na fito fili ne yau a shafin jarida domin akwai wani mutum da nake so maganar nan ta kai gare shi, ban kuwa san sunansa ko garinsu ba. Ku kaɗai kuka sani.

Ga maganar a dunƙule: hoton mahaifiyata marigayiya yana hannunku, ko hannun wanda kuka aika wa bisa kuskure, kuma shi ke nan guda ɗaya a duniya. Bari in warware ta daki-daki.

1. Yadda na shiga makarantarku

Ranka ya daɗe, ka san halin da ƙasa ke ciki. Tun da arzikin mai ya ɓarke, duk mai jini a jika a Jibiya ya ajiye abin da yake yi ya bi motoci. Dare da rana manyan motoci ke wucewa ta gaban makarantarmu da siminti da durom-durom na fetur. Abokan da muka fito kwalejin horon malamai tare, wani ya koma ɗan kwangila, wani yana fito da kaya ta bayan 'yan duwan, wato kwastan, kowa da sabon babur da rediyo a rataye. Gidan malamai da muke cika shi da hira har ya zama ni kaɗai ke kunna fitila a cikinsa. Mahaifina ya rasu tun ina yaye, ba ni da wa ba ni da ƙane, aure kuma Allah bai kawo ba tukuna. Da na ga tallarku a jarida sai na ce to, ga abokin hira ya samu. Na biya abin da kuka nema, kuka fara aiko darussa, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗinsu.

2. Darasin yanka da liƙi

Bayan darussan fensir sai kuka aiko da wanda kuke kira kolaj, wato a yayyanko takardu da ƙyallaye da tarkace a liƙa su a kwali su zama hoto guda. Saboda darasin nan na zama abin dariya a tasha, ƙato da ni ina duƙawa ina tsintar takardun shayi da na sabulu masu rubutun Faransanci da 'yan Maraɗi ke yarwa. Har yau yaran mota Malam Tsintau suke kirana. Ban damu ba, wanda ya shiga rawa ai ba ya jin kunyar ƙura.

A takardar darasin kun ce aikin jarrabawa kada a cika shi da tarkacen bola. Kun ce kowa ya sa abin da ya fi soyuwa a ransa, domin shi ke sa aiki ya yi rai. A ƙasan shafin kuma kun yi alkawari, da manyan baƙaƙe, cewa za a mayar wa kowane ɗalibi aikinsa bayan an duba. Takardar tana nan wurina. Ni mutumin ƙauye ne, in malami ya ce a kawo mafi soyuwa, mafi soyuwar nake kawowa.

3. Abin da na liƙa

Mahaifiyata, Ayya muke ce mata, ta rasu da kakar da ta wuce. Duk rayuwarta ba ta yarda da hoto ba. Sau ɗaya na ci nasara a kanta, ranar da na raka ta Maraɗi gaida danginta, muka bi ta gindin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, inda wani dattijo, Malam Ila, yake kafa akwatinsa mai ƙafa uku. Na roƙe ta har na ba ta haushi. Ta ce, "Kai Lawali, mi za ka yi da hoton tsohuwa? Ga ni gabanka kullum." Ta dai zauna a kan bencin, ta ɗaure fuska kamar an kawo ta gaban alƙali, kuma daidai lokacin da aka ɗauka ta ɗaga hannu ta kori ƙuda, sai hannun ya fito dishi-dishi. Da aka wanke ta kalla ta ce in ɓoye kayana kada mutanen ƙauyenmu Mazanya su ce ta lalace da tsufa.

Wannan hoton na sa a tsakiyar kwalin. Na kewaye shi da ƙyallen baƙin zanenta na rini, da zaren faifan da take rufe ƙuli-ƙulin sayarwa, da busasshen ganyen lalle, da tikitin motar da ta kai mu Maraɗi. Gam ya yanke a kantunan garin, sai na jiƙa ƙaro na liƙa da shi. Ina roƙo a riƙe maganar ƙaron nan, zan dawo kanta.

4. Binciken da kuka duba da jan biro

Tare da aikin kun ce kowa ya yi bincike a kan wani mai fasaha da ya burge shi. Littattafan da kuka lissafa, ko a Katsina ban same su ba. Sai na tsallaka Maraɗi na zauna da Malam Ila, na rubuta yadda yake zura hannu cikin akwati ya wanke hoto ba tare da ya gani ba, yadda yake fara fitar da baƙin hoto sannan ya sake ɗaukar baƙin ya fito da fari. Na tambaye shi ko ya ajiye baƙin na Ayya. Ya yi dariya, ya kira ni da sunan da suke kiran malamin boko a Nijar, ya ce, "Mushe, in da ina aje baƙin kowa, ina za ni kwana? Ranar da munka wanke, ranar muke yada shi."

Na rubuta wannan a bincikena, na ƙara da cewa saboda haka hoton da ke kan kwalina ba shi da na biyu. Malaminku ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wannan jimla, ya rubuta yabo a gefe. Takardar binciken ta dawo mini lafiya. Ashe ke nan ofishinku ba zai ce bai san abin da ke hannunsa ba.

5. Abin da kuka aiko mini

Bayan Babbar Salla aka ce ina da saƙo a gidan waya. Ban buɗe a can ba. Na rungumo shi har gida, na share ɗaki, na wanke hannu, sannan na yanke igiyar. Sai ga wani tsoho yana kallona.

Dattijo ne siriri, da hular ma'aikatan jirgin ƙasa, yana tsaye riƙe da keke, gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo. An kewaye shi da tsofaffin tikitocin jirgi, da yankin robar tayar keke, da maɓallan kaki guda biyu, da wani ƙyallen farin likkafani da ya rage. Da na ga ƙyallen nan na gane wanda ya yi aikin nan irina ne, shi ma ya ɗauki maganarku da gaske. A bayan kwalin babu suna, babu gari, sai lamba da sa hannun malami. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na rubuto muku a ranar. Na sake rubutowa. Amsar da na samu kati ce bugaggiya, wadda ake aika wa kowa, tana cewa an kammala mayar da ayyukan ɗalibai, ana taya ni murnar cin jarrabawa. Darussa na gaba kuwa ba su taɓa makara ba, suna zuwa a kan kari. Ashe hannun da ke aiko su ya san hanyar Jibiya sarai.

6. Zamana da baƙon

Wani maƙwabcina ya ce in jefa kwalin a bola in huce haushi. Na kasa. Uban wani ne. Na rataye shi a ƙusar da na kafa domin Ayya, da niyyar kwana biyu. Wanda ya yi aikin da kokon rogo ya liƙa, kyankyasai kuwa ba su da abincin da ya fi shi, don haka kullum sai na sauke na kakkaɓe. Kusurwa ɗaya ta ɗago, na mayar da ita. Tun ina yi don amana har ya zama in na dawo daga makaranta, na buɗe ƙofa, shi nake yi wa sallama. Baba na Reluwe nake ce masa. In na sayo tuwo a tasha a gabansa nake ci, in ba shi labarin yaran ajina da motar da ta kife a gada. Kada ka yi dariya, ranka ya daɗe. Mutumin da bai taɓa kwana shi kaɗai a gida mai ɗaki shida ba, ba zai gane ba.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri shi ne wannan. Kwanan baya na ce tunda kun koya mini zana fuska, bari in zana Ayya da ka, in huta da jiran ofis. Na fere fensir na zauna. Na zana mayafin daidai, na zana zanen askar da ke kumatunta. Da na zo kan ido sai hannuna ya tsaya. Na rufe ido in gan ta, na ji muryarta sarai, amma fuskar ta ƙi tsayawa. Na dai daure na ƙarasa. Da na ɗaga takardar na duba, sai na ga na yi mata gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Fuskar tsohon da ban taɓa sani ba ta zauna mini a ka, ta uwar da ta haife ni tana zamewa. Tsoro ya kama ni, har yanzu kuma bai sake ni ba.

Ga kuma damina ta ƙarato. Ƙaro yana riƙewa gam a busasshiyar ƙasa irin tamu, amma da ya ji laima sai ya saki. In kwalina ya tafi wajen da ake ruwa da wuri, ko yana jibge a wani sito mai yoyo, hoton zai ɓalle ya faɗi, mai shara ya kwashe. Ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba.

Buƙatuna

Ba na neman a mayar mini da kuɗi, takardar shaidar ma ku riƙe abarku in kuna so. Ina roƙo ka sa mutum guda, mai tsoron Allah, ya duba lambar da ke bayan kwalin nan, wadda na aiko muku a wasiƙuna, ya gano mai ita, ya haɗa ni da shi kafin ruwa ya sauka. In kwalina yana sitonku, a ɗauke shi daga ƙasa yau, a rubuto mini, zan nemi izini in shigo mota in zo da kaina. Ba zan sake ba gidan waya amanarsa ba, haka ma tsohon nan hannu da hannu zan miƙa shi. Sannan ina roƙo, kafin ku sake ce wa ɗalibai su liƙa abin da ya fi soyuwa a ransu, ku tabbata kuna da inda za ku ajiye shi. In babu, ku ce a liƙa takardar shayi, tana nan birjik a tashar Jibiya.

Kai kuma ɗan'uwana mai tsoho da keke, in wannan ta iso gare ka, ko wani ya karanta maka: mahaifinka yana Jibiya, lafiya lau yake, ko maɓalli ɗaya bai ɓace ba. Ka tambayi Malam Tsintau a tasha, kowane yaron mota zai kawo ka. In wata tsohuwa mai ɗaurarriyar fuska da hannu dishi-dishi tana wurinka, ita ce Ayya. Ba fushi take da kai ba, haka ta zauna ranar. Ka kwantar da ita a cikin akwati tsakanin tufafi, kada ka jingina ta da bango mai sanyi, har in zo.

Ranka ya daɗe, ban rubuta wannan da ƙiyayya ba. Allah ya ɗaukaka makarantarka, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya sa ka gama lafiya. In mahaifanka suna raye, Allah ya bar maka su ka yi ta kallo. In sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma kada ya nuna maka ranar da za ka rufe ido ka nemi fuskar mahaifiyarka ka rasa.

Wassalam.

Naka ɗalibi,
Lawali Mazanya,
Jibiya.