Surukina da Carbinsa Sun Hana Mu Zagaye

Anti Bilki, don Allah ki taimaka mini, kaina ya ɗaure. Ni matar aure ce a Limawa. Tunda likita ya ce ina da hawan jini, kullum da safe nake zagaya hanyar ƙafa da ke bayan duwatsun unguwarmu, ni da maƙwabciyata Huseina da wasu mata. Wallahi na ji sauƙi, har ciwon kai ya sake ni.

Sai aka ce za a yanka wurin a gina shaguna, in dai ba a nuna yana amfanar jama'a ba. Kwamitin unguwa ya ce a ƙirga masu bi. Anti, wa aka ɗora wa aikin? Surukina, Alhaji! Ya shimfiɗa buzu a bakin hanyar, duk wanda ya wuce ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Ni kuwa ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, balle in wuce shi da takalmin gudu ina haki. Daga nesa muke hango farar hularsa mu juya. Sauran ma duk 'ya'yan abokansa ne.

Jiya na ji yana gaya wa maigidana sakamakon bincikensa, wai mata ba sa bin hanyar ko kaɗan. Ciwon kaina ya dawo, kuma ina tsoron a rasa wurin saboda mu.

Mai Kunya, Dutse

Mai Kunya, sannu. Na yi dariya, ki yafe ni. Alhaji ya kori tsuntsaye da kansa, ya dawo yana cewa babu tsuntsu a gona.

Amma kada ki ga laifinsa. Dattijon da ya bar shimfiɗarsa da sassafe don ya ceci hanyar unguwa ya cancanci godiya, kuma gaskiyarsa ce, hukuma ba ta jin "ai kowa ya sani", sai ta ga adadi. Kunyarki ma tarbiyya ce, ban ce ki zubar ba.

Ki samu surukarki ki faɗa mata komai, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ita ta san lokacin da Alhaji ke jin magana. A bar masa ƙirgar maza da yamma, Huseina ta karɓi ta safe. Ku haɗa da awon jininki na da da na yanzu, in kuma akwai mai ƙosai a bakin hanyar ku tambaye ta yadda cinikinta yake. Duk hujja ce.

Kada ki ja lokaci. In aka zuba harsashin shaguna, ba za a tambayi dalilin ɓuyanku ba, za a ce ba ku nan ne kawai. Allah ya ƙara lafiya, ya bar muku hanyarku.

Anti Bilki