Furen da Aka Dafa wa Baba

Garwa, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Adda Aisatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Kuseri?

Saƙonki ya iso cewa in je in ba Yaya Sharif haƙuri don na ɗaga masa murya a asibiti. Adda, ba a gaya miki komai ba.

Kin san furen farbanshi da ke bakin rijiyarmu, fari da ruwan hoda, wanda maƙwabciyarmu Madam Irène ta ba ni irinsa. Shekara uku ina fama da shi. Na haɗa masa ƙasa da yashi don kada ruwa ya kwanta a gindinsa, domin yawan ruwa ke ruɓar da shi. Ina tsinke kansa don ya yi rassa, ina tara 'ya'yansa a kwalba. Ko a zafin nan bai fasa fure ba.

Na tafi biki Bibémi, sati biyu. Da na dawo na tarar an tsige shi har saiwa, Baba kuma kwance, yana amai, ƙafafunsa sun yi sanyi. Ashe Yaya ya ji a waya wai ganyen yana maganin ciwon suga, shi ne ya riƙa dafawa yana ba Baba safe da yamma, ya kuma ɓoye ƙwayoyin likita. Furen da ko akuya ba ta ci! Da Madam Irène ba ta taimaka mini muka kai Baba asibiti ba, da ta'aziyya zan rubuto miki.

A can Yaya ya ce wa likita wai tsufa ne kawai. Nan na buɗe baki, kuma ban yi nadama ba.

An sallami Baba jiya. Ina shafa masa mai a ƙafa, na tambaye shi ko bai ji ɗacin abin ba. Ya ce ya ji, tun rana ta uku ma ya san ba ya karɓarsa. Ya ce, "Nafisatu, ɗana ne ya kawo mini da hannunsa. Ban so in kunyata shi ba."

Fita na yi na zauna a bakin rijiya ina kuka, ban san da wa zan fi yin fushi ba. Baba ya yarda ya mutu don kada Yaya ya ji kunya, ke kuma kina so in durƙusa masa saboda dalili guda.

Zan gaishe shi, yayana ne. Amma haƙuri shi zai fara bai wa Baba, a gabana. Ƙwayoyin yanzu suna ɗakina, makullin yana wuyana.

Ki gaida yara da maigida. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Nafisatu