Zuwa ga Luba, a kan littafin lissafin da ya fito da sunanki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina yi miki murnar littafin da kika fitar. Na kira ki sau uku ba ki ɗauka ba, shi ya sa na rubuto a nan inda kowa zai gani.

Shekara tara muka yi muna koyarwa tare a makarantar 'yan mata da ke kusa da Ƙofar Atiku, ke Turanci, ni lissafi. Kin san halin da nake ciki a lokacin. Da na shiga aji sai ɗalibai su sunkuyar da kai, wasu su nemi izinin fita shan ruwa. Wata ta taɓa ce mini, "Malama, wanga abu ba a yi shi don mu ba." Ke na fara gaya wa, kuma ke kika ce kada in karaya.

Daga nan na koma koya musu da abin da suka sani. Kashi biyu ko uku na abu, da masa nake nunawa. Kaso cikin ɗari kuwa, da buhun albasa: guda nawa suka ruɓe, nawa suka kai kasuwa. Da muka zo kan matsakaici a ƙididdiga, sai na ɗauko Innata Hajo, mai sayar da fura a Ƙofar Taramniya. Na rubuta yawan furar da take sayarwa kowace rana har mako ya cika, ranar Juma'a ta fi yawa, muka tara muka raba bakwai. Yarinyar da ta ce ba a yi shi don su ba, ita ta fara ɗaga hannu.

Littafin rubutu biyar na cika da waɗannan darussa. Na uku a asibiti na rubuta rabinsa, ina jinyar Inna. Kin zo da kunu a fulas, kika zauna a bakin gadonta, tana ce miki ɗiyata.

Da aka yi wa maigidanki canjin wurin aiki, ke kika ce in ba ki littattafan. "Kawo in buga miki a kwamfuta, Balki, kada ruwa ko gara su cinye." Na sa su a leda na kai miki har gida. Ko hoton shafi ɗaya ban ɗauka ba, don ban ga dalili ba.

Watan jiya aka tura mu taron bita na malaman lissafi. Aka raba mana sabon littafi, aka ce wata haziƙa ce ta rubuta. Na ga sunanki a bango, na ji daɗi har na nuna wa ta kusa da ni na ce ƙawata ce. Sai na buɗe. Ga masa, ga albasa. A babi na huɗu ga Inna Hajo da furarta, ko sunan ba ki canja ba. Na duba shafin godiya. Kin gode wa maigidanki, kin gode wa wanda ya zana hotuna. Na sake dubawa daga sama har ƙasa, babu ni.

Na zauna awa biyu wani saurayi yana koya mini yadda ake koyar da darasina.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Sabuwar shugabar makarantarmu ta shiga ajina, ta saurara, ta yaba, sannan ta ce a gaban malamai, "Ashe daga littafin nan kike ɗauko dabarunki." Ba ni da takarda ko ɗaya da zan nuna mata. Duk suna hannunki.

Luba, da kin tambaye ni, wallahi da na yarda mu sa sunanmu tare. Kin gyara Hausar, kin tsara babi-babi, aikinki ya yi kyau, ba zan hana ki wannan ba. Ni ban iya neman masu buga littafi ba, ke kin iya. Me ya hana ki kira ni?

'Yan uwana sun ce in kai ƙara. Ban kai ba. Na kasa tunanin ranar da zan tsaya ina rantsuwa a kanki, ke da kika riƙe mini Sadiya ranar da na haife ta kafin ni in riƙe ta. Har yau in na ga atamfa shuɗiya mai ganye sai in ce Luba za ta so wannan.

Abu biyu nake roƙo. Ki maido mini littattafaina biyar, da rubutun hannuna a ciki. Sannan ki faɗa da bakinki, ko a layi ɗaya ne, wa ya rubuta su.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na yafe ba. Ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yin haka kafin ɗayanmu ta riga ɗaya. Allah Ya jiƙan Inna, Ya raya miki zuri'a, Ya sa yaran da za su karanta littafin su amfana da shi. Amin.

Taki, wadda har yanzu ba ta goge lambarki ba,
Balkisu, Sakkwato.