Baƙin Kwikwiyo a Ƙofar Ɗakina

Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina mutanen Bunkure? Yaya jikin Baba? An fara ɗiban tumatir?

Ni lafiya lau, sai sanyin Ingila, shi ma na kusa sabawa. Matar da nake wa aiki ta tafi da ni sayo wa 'ya'yanta kare. Kwikwiyo biyu aka fito mana da su, masu nannaɗaɗɗen gashi kamar na ɗan rago. Jan yana ta wasa. Baƙin kuwa ya zauna yana kallona, ko ƙiftawa ba ya yi. Ta ce in zaɓa, na nuna jan. Yaran suka sa kuka, aka ɗauko baƙin.

Ba ya haushi, Yaya. Amma ranar Talata da azahar ya zo ƙofar ɗakina, ya ɗaga kai, ya yi dogon kukan nan da karen maƙwabta ya yi ranar da ruwan kanal ya ci ƙaninmu Musbahu. Matar ta yi dariya, wai waƙa yake yi.

Tun ranar babu wanda ya ɗaga wayata. Don girman Allah kada ku ɓoye mini komai. Ku ba Baba waya, ko tarinsa ne in ji.

Ƙanwarki,
Latifa