Mutumin Dutse Ba Ya Ba da Magani

Lahadi, 4 ga Mayu

'Yata Auta ta jefa ni cikin wasan intanet. Ni da furfurata, da shekara ashirin da shida a laburare ina hana mutane hayaniya. Tun da ta samu aikin jinya a wancan gari mai nisa, wayarmu ba ta wuce minti uku: lafiya, lafiya, ya aiki, ga mamanki. Jiya ta ce, "Baba, Asabar da yamma kaɗai nake da hutu, kuma a wasan nan nake ƙarar da shi. In kana son ganina ka zo can." Mamansu ta ce in je, aƙalla a can ba zan samu damar yi wa yarinya lacca ba.

A wasan sai ka zaɓi jinsin mutanen da za ka fito daga ciki. Na ɗauki Mutanen Dutse: gajeru, masu faɗin kafaɗa, gemu har cibiya. Awa biyu na yi ina gyara wa nawa gemu. Mamansu ta leƙo ta ce, "To, ka dai zana kanka."

Talata, 6 ga Mayu

An samu matsala. Ƙungiyar su Auta ta mutum biyar ce, gurbi ɗaya ya rage, na mai magani, wato wanda ke tsayawa a baya yana warkar da waɗanda aka sara. Na je in danna wannan sana'a, ta ƙi dannuwa. Wai Mutumin Dutse yana iya zama mayaƙi ko maƙeri ko mai gadi, amma ba ya ba da magani. Haka kawai.

Na ce wa Auta ita da take ma'aikaciyar jinya me ya hana ta riƙe maganin? Ta ce, "Haba Baba, kwana shida ina jinyar mutane. Ranar hutuna gatari nake so."

Laraba, 7 ga Mayu

Ashe akwai laburare a cikin wasan. Babu kowa a ciki, kamar namu.

Na zauna na karanta tarihin da suka ƙirƙira, kuma gaskiya an yi aiki. Kowane hani da dalilinsa. Mutanen Fadama ba sa ɗaukar ƙarfe, domin kakanninsu sun yi wa kogi alkawari ba za su sa masa tsatsa ba, shi kuma ba zai cinye 'ya'yansu ba. Mutanen Gajimare ba sa ƙira, don sun taɓa ƙera tsawa ta kashe sarkinsu. Madalla. Amma da na zo kan Mutanen Dutse sai na tarar da babi huɗu suna yabon yadda a da babu wanda ya kai su iya magani, babi na biyar kuma babu shi. An rubuta a ƙasa cewa yana sassaƙe a bangon ɗakin ƙarshe na Kogon Maciji.

Ba na son littafin da aka yage masa shafin ƙarshe. Na taɓa bin wani malami har gidansa a kan haka.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na gaya wa Mai Hatimi, abokin aikina da ke buga wa littattafai ranar dawowa. Ya ce, "Kai da ka hana ni ba da aron littattafan kabad na uku shekara goma ba tare da ka faɗi dalili ba, yau kai ne ke neman dalili?" Na ce wannan daban. Ya ce, "Haka kowane mai doka ke cewa."

Asabar, 10 ga Mayu

Na haƙura na yi sabon mutum daga Mutanen Fadama, tunda su ke magani. Dogo, siriri, kore, kamar an jiƙa tsintsiya. Ko gemu ba a ba su. Mai gemuna na bar shi zaune a bakin laburare.

Na sadu da shugaban ƙungiyar, ana ce masa Kyaftin. Da jin muryarsa a belun kunne bai wuce talatin ba, amma yana ba da umarni kamar ya ci ƙasa uku da yaƙi. Ya ce, "Baba, aikinka ɗaya ne. Ka ga koren layin da ke saman kan kowa? In ya fara raguwa ka cika shi." Na ce na gane. Ban ce masa na girme shi da shekara ashirin ba, tunda ya kira ni Baba.

Abin da ban zata ba: Auta tana surutu a wasa. Tana saran kwarangwal tana ba ni labarin wata babbar nas da ke ɓoye almakashi a aljihu don kada a ara, da tsohon da ya ƙi shan magani sai an kira shi ranka ya daɗe. Awa biyu cur. Rabon da in ji dariyarta haka tun tana sakandare.

Litinin, 12 ga Mayu

Kyaftin ya ce babi na biyar ɗin yana intanet, kowa ya sani, in ina so ya faɗa mini. Na ce a'a. Ba na karɓar ruwayar wani alhali asalin yana nan a bango.

Asabar, 17 ga Mayu

Na kashe mutum huɗu yau.

Mun isa ɗakin ƙarshe na Kogon Maciji. Ga maciji mai kai uku, ga rubutun a bangon hagu, manyan haruffa masu kyau. Kuma an riga an gaya mini da zarar macijin ya mutu bangon zai rushe, ba a karanta shi sai ana cikin faɗa. Na ce bari in ɗan leƙa layi ɗaya. Layin farko ya ce, "A shekarar da aka kewaye birnin ƙarƙashin tsauni..." To wa zai tsaya a nan?

Ina layi na uku na ji Kyaftin yana ihu, "Baba! Magani! Baba!" Na waiwayo, kowa kwance. Macijin ya zo ya same ni a tsaye da gorar magani cike fal, ko ɗigo ban taɓa ba.

Sai Auta ta ce, "Karatu yake yi." Ba ta ma tambaya ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Kyaftin ya turo saƙo cikin ladabi. Asabar mai zuwa za su sake gwadawa, in aka kuma, akwai wani da ke jiran gurbin. Ban ga laifinsa ba.

Mamansu ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta tuna mini ranar da Auta ta faɗo daga keke tana da shekara bakwai, gwiwa na jini, ni kuma na durƙusa ina yi mata bayanin abin da ya sa keke ke faɗuwa in an taka birkin gaba. Na ce bayanin daidai ne. Ta ce, "Daidai ne. Ni na sa mata bandeji."

Laraba, 21 ga Mayu

Ina atisaye da hutun rana a kwamfutar ofis, ina warkar da baƙin da ban sani ba. Wani ya gode mini da harshen da ban gane ba. Mai Hatimi ya ce in na gama da su in duba masa bayansa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Idan suka cire ni, mun koma lafiya, lafiya, ga mamanki.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun ci. Macijin ya faɗi, bangon ya bi shi.

Don in faɗi gaskiya, tunda ba mai karanta wannan: akwai lokacin da faɗan ya tura ni har jikin bangon. Rubutun na gaban hancina, layi na huɗu, daidai inda na tsaya wancan makon. Sai na ga koren layin Auta ya zube saura ɗan ƙiris, tana gaba da gatarinta, ko waiwaye ba ta yi, kamar ta tabbata akwai wani a bayanta. Ban san lokacin da na juya ba. Na cika, ya ragu, na cika, ya ragu. Da na ɗaga kai sai ƙura.

Kyaftin ya ce, "Baba, yau ka yi aiki." Na ce linzamin kwamfutar ne ya zame.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ta kira yau. Ba ranar wasa ba, ba kuma mamanta take nema ba. Minti arba'in da ɗaya, na duba.

Can tsakiyar hira ta ce, "Baba, in faɗa maka abin da ke bangon?" Na buɗe baki zan ce ba na karɓar ruwaya, sai na ji na ce faɗi. Ta ce wai a wancan yaƙi babban mai maganin Mutanen Dutse ya tsaya sassaƙa tarihin abin da ke faruwa don kada ya ɓace, har 'yarsa da aka sara ta cika a bayansa bai sani ba. Daga ranar suka rantse hannun da ke riƙe kurfin sassaƙa dutse ba zai ƙara riƙe gorar magani ba.

Na ce labarin ya yi kyau da yawa. Ta ce, "Ko?" Ina jin murmushinta ta waya, irin na ranar da ta ce kyanwa ce ta shanye madara.

Ina kyautata zaton ita ta shirya abinta. Yana intanet, in ji Kyaftin, minti ɗaya zai ishe ni in tabbatar.

Ban duba ba. Asabar ƙarfe huɗu, wai wani kogon ne, an ce akwai kunama.